'Yar Maki Biyar

Hor Al Anz, Dubai
13 ga Afrilu, 2025

Yaya Murjanatu,

Na yi miki sallama, tare da gaisuwar da ta fi jakar Hajiya Safiya nauyi. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen Kurna baki ɗaya. Yaya kunnen? Kina ɗiga maganin da likita ya ba ki, ko kin ajiye shi a kan kwaba yana gadin ƙura? Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan ciwon baya na ɗaga kwali, wanda duk mai aikin kago, wato tura kayan 'yan kasuwa, a Port Saeed ya saba da shi.

Na so in kira ki da Sallah, sai na tuna yadda muka yi bara. Ina tsaye a bakin titi ina ihun "barka da Sallah," ke kina tambayata wa ya rasu. Shi ya sa na haƙura da waya. An ce zumunta a ƙafa take, tamu kuwa a jakar Hajiya take, muddin tana zuwa saro kaya.

Ga wani labari da zai ba ki abin tsokanata har shekara. Abokin zamana, Godfrey, mutumin Kafanchan mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya ja ni wani shago a saman bene a Al Rigga ranar Lahadi da la'asar. Na tarar da manya da gemunsu sun kewaye tebura suna yaƙi da 'yan sojojin roba, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. An gina musu gari da kwali, har da rijiya da ƙofar gari. Tafiyar soja da tef ɗin tela ake auna ta, sara da harbi kuma da ƙwayar ludo ake yanke hukuncinsu.

Kowa maki ɗari ake ba shi ya haɗa rundunarsa. Akwai jarumi mai maki arba'in, akwai talakan soja mai maki biyar. Ni da kika sani da son babban abu, na kwashi jarumai biyu masu sulke, na cike da wani mai gatari, na ce khalas, wato shi ke nan. Godfrey ya zo da wasu tarkace goma sha ɗaya, ya ci ni sau uku kafin a kira magariba. Har yanzu ban gane yadda aka yi ba.

Ki yi dariyarki, na ba ki izini. Tunda kakanki da kakata ciki ɗaya suka fito, ke taubashiyata ce komai nisa, kuma har yau ba a raba gardamar wa ke bawan wa ba. Na sa miki man zafi da dabino a kayan Hajiya.

Ubangidanki,
Badaru

*

Kurna, Kano
4 ga Mayu, 2025

Badaru bawana,

Amin, wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, man zafin ya yi amfani, dabinon kuwa maƙwabta sun taya ni. Kunne yana nan yadda ka san shi, na dama ya yi ritaya, na hagu yana zuwa aiki rabin rana. Allah ya sawwaƙe ciwon bayan.

Ashe abin da ya kai ka Dubai ke nan? Namiji ɗan shekara talatin da huɗu da wasan 'yar tsana! Da na sani da na aiko maka da ƙwaryar tuwon ƙasa ka haɗa. Na karanta takardar a kan bencin asibiti, na yi dariya har wata mai jego ta leƙo. Amma faɗa min gaskiya tsakaninka da Allah, ba caca ba ce? Na ji ka ambaci ƙwayar ludo, gabana ya faɗi. Marigayiya Inna ta bar min amanarka, kuma ba zan je in tarar da ita da labarin caca a bakina ba.

Nan gida an fara samun yayyafi. A wurin aiki mun yi sabuwar metiron a ɗakin haihuwa, yarinya ce mai kaifi, ba ta da laifi. Sau biyu ta kira ni in kawo ruwan zafi ban ji ba, sai ta ɗauke ni daga ciki ta ba ni kujera a bakin ƙofa, wai in riƙa tare 'yan dubiya. Shekara goma sha tara ina wanke jarirai, yanzu ga ni ina zaune kamar mai sayar da gyaɗa. Ba komai, haka Allah ya so.

Ka ci gaba da ba ni labarin yaƙin naku. Ina son in ji ranar da za ka ci ko da sau ɗaya ne, don a daina kunyata zuri'a.

Uwarɗakinka,
Murjanatu

*

Port Saeed, Dubai
25 ga Mayu, 2025

Yaya Murja,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina rubuta miki wannan a kan kwali a ofis, don Hajiya Safiya ta ce jirginta na yamma ne. Lafiyata ƙalau, zafi ne dai ya fara shigowa da gaske.

Wallahi ba caca ba ce. Ko shayi ba a ci a kai, wanda ya sha kaye shi ke tattara gidajen kwali, shi ke nan.

Albishirinki, na ci Godfrey! Ashe sirrin ba a jarumai yake ba. Ba wanda ya fi kisa ke cin wasa ba, sai wanda mutanensa ke tsaye a kan rijiya da ƙofar gari idan an gama zagaye na biyar. Jarumi komai ƙarfinsa wuri ɗaya yake tsayawa. Sai na rage jarumi guda, na sayi 'yan arha guda takwas, ina fenta su da kaina da burushi mai gashi uku. Hannun da ke rubuta sunan Alhazai a jikin kwali ashe yana da wani amfani.

A cikinsu akwai wata tsohuwa mai fitila, ita ce mafi arha a duk littafin wasan, maki biyar. Na yi mata shuɗin ɗankwali, na sa mata sunanki. Ba ta sara, ba ta harbi, ba ta gudu. A ƙa'idarta ma an rubuta ba ta ji, ko shugaban runduna ya ba da umarni ba ya shiga kunnenta. Aikinta kawai a dasa ta a bakin ƙofa. Ko an cinye ta ba a yi asarar komai ba. Kin ga kuwa ai ke ce sak!

Hajiya tana ta ce min "yalla, yalla, Badaru, ka ba ni ko in tafi." Sauran bayani sai wani zuwan.

Naki,
Badaru

*

Hor Al Anz, Dubai
20 ga Yuli, 2025

Yaya Murjanatu,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Sau biyu ke nan Hajiya tana zuwa hannu rabbana. Na farko na ce hidimar Babbar Sallah ce ta riƙe ki. Na biyu na tambaye ta, ta ce ta je har gida ta same ki, kin ce a gaishe ni, ba saƙo. Na kira wayarki sau huɗu, na san ba ki ji, amma ai kina ganin sunana.

In ciwo ne ki faɗa min. In laifi na yi, ki zage ni yadda kika saba, na fi gane wannan. Duk Kano ke kaɗai ce ke rubuto min ba tare da jerin abin da za a sayo ba. Shirun nan ya hana ni sakat, jiya har sunan wani Alhaji na rubuta a kwalin wani.

Badaru

*

Kurna, Kano
10 ga Agusta, 2025

Malam Badaru,

Assalamu alaikum. Na ga takardunka biyu. Lafiyata lau, ba ciwon da ya ƙaru. Ruwa yana sauka sosai, katangar bayan gida ta ɗan zube, an gyara.

Ka ce in zage ka. Ba ni da zagi. Na faɗa maka an fitar da ni daga ɗakin da na yi shekara goma sha tara an dasa ni a ƙofa saboda kunnena. Ban faɗa wa kowa a gida ba, kai kaɗai na rubuta wa. Amsar da ta zo ita ce: mafi arha, ba ta ji, ko an cinye ta ba a yi asarar komai ba.

Na san za ka ce wasan taubasai ne. Ni na koya maka shi tun kana rarrafe. Amma wasan nan da fuska ake yin sa, ina ganin idonka kana ganin nawa, in ya yi zafi a sassauta. A takarda ba fuska. Na karanta layin nan ya fi sau ashirin ina neman dariyar da ke ciki, ban same ta ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne gaskiya ka faɗa. Abin da nake faɗa wa kaina ke nan kullum a kan kujerar, sai ga shi da rubutun hannunka.

Na riga na sa an buga min takardar barin aiki, tana cikin jakata. Ƙarshen watan gobe zan sa hannu in miƙa. Gara in tafi da ƙafata kafin a ce min in tafi. Ban yi fushin da zai yanke zumunci ba, amma ka bar ni in huta da rubutu na ɗan lokaci.

Murjanatu Halliru

*

Hor Al Anz, Dubai
31 ga Agusta, 2025

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon ki karanta wannan har ƙarshe ko da za ki yaga ta bayan nan. Jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya tun ranar da na ga kin kira ni Malam.

Na koma na ɗauko takardarki ta watan Mayu. Ga maganar kujerar nan a tsakiya, ni kuwa na tsallake ta kamar kwata, ina sauri in kai inda kike tsokanata. Kin ce "ba komai," na yarda, alhali na san ki, na san ba ki cewa ba komai sai da komai. Wannan laifina ne, ba na Hajiya da saurinta ba. Magana zarar bunu ce, ba zan iya mayar da ita ba. Ki yafe min don Allah.

Da na karanta wa Godfrey abin da na rubuta miki, sai ya dafe kai ya ce, "Habibi, kai fa jaki ne. Ka ba ta rabin ƙa'ida ka riƙe rabi?" To ga ragowar rabin.

A wasan nan kowane babban jarumi yana da tsawa. In ya matso kusa ya daka ta, ƙananan sojoji sai a jefa musu ƙwaya, in ba su yi sa'a ba su watse su bar wurin da suke tsaro. Haka ake kwashe ƙofa ba tare da an zare takobi ba. Duk cikin littafin, mutum ɗaya ce tsawa ba ta kamawa, ita ce mai fitila, saboda ba ta ji. Wanda yake son ƙofar dole ya taka har gabanta, ya ɓata zagaye guda a kanta. Shi ya sa na ce ko an cinye ta ba a yi asara ba, don jarumin arba'in ya ƙare lokacinsa a kan biyar, sauran mutanena sun kai rijiya. Lissafin 'yan wasa ke nan, kuma mugun lissafi ne in aka ɗora shi a kan mutum. Ban yi tunani ba.

Amma bari ki ji abin da ya faru makon da na aiko miki da waccan takardar. Na kara da wani ɗan Filifin da kowa ke tsoro a shagon, yana da wani ƙaton jarumi mai maki sittin. Ya share min mutum bakwai, ya kashe jarumina tun zagaye na uku. Saura Murjanatu ita kaɗai a ƙofar gari da 'yar fitilarta. Ya daka tsawa, ko gezau. Ya auna da tef, saura kamar faɗin farce ya kai gare ta, zagaye na biyar ya ƙare. Na ci wasa da mutum ɗaya a kan tebur. Mutumin ya ɗaga ta yana jujjuyawa yana tambaya, "Wace ce wannan?" Na ce yayata ce. Ɗan hakin da ka raina, in ji mutane. Tun daga ranar ban sake shiga wasa ba sai da ita, jarumai kuwa na canza su sau uku.

Kuma ba don ba ta ji na sa mata sunanki ba, ko da yake na ga tsokanar ta zo daidai na ɗauka. Tun ina fenta ta abin da nake gani daban ne. Kin tuna kwana tara na ƙarshe da Inna ta yi a asibitinku? Dangi suka cika baranda, kowa da kwanonsa da maganinsa da surutunsa, ita kuwa abin da take roƙo kawai a bar ta ta runtsa. Ba ɗakinki ba ne, ba aikinki ba ne, amma kika tsaya a ƙofar nan kika hana har Kawu shiga, yana ta faɗa yana cewa kin raina manya. Ni kaɗai kika buɗe wa, kika ce in zauna in riƙe hannunta kada in yi magana. Ina da shekara goma sha bakwai. Likitoci sun yi nasu, ban ma tuna fuskarsu ba. Abin da ya rage min na uwata shi ne wannan zaman, kuma mai tsaron ƙofa ce ta ba ni shi.

Ba zan ce kada ki miƙa takardar ba. Ke kika san nauyin kujerar, ni ban zauna a kanta ba. In kin gaji, ki huta, kin cancanta. Amma kada ki miƙa ta saboda kin yarda da maganar jaki.

Ga mai fitilar nan na naɗe ta a auduga cikin kwalin ashana. Akwai gasa a shagon ranar Lahadi ta biyu ga watan Oktoba, na riga na faɗa wa Godfrey ba da ita zan shiga ba. Taki ce. In kin ga dama ki jefa ta a kwata.

Bawanki, na yarda yau,
Badaru

*

Kurna, Kano
28 ga Satumba, 2025

Badaru, jakin Godfrey,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, damina tana haɗa kayanta. Ka gaishe min da Godfrey, ka ce masa ya fi ka hankali, kuma ya riƙa karanta takardunka kafin su fito.

Kwalin ashana ya iso. Sai da na sa tabarau na gan ta da kyau. Wannan ce ni? Hancin ya yi yawa, kuma ni ban taɓa ɗaura ɗankwali a karkace haka ba. Amma fitilar ta yi kyau, har da ɗan ja a cikin gilashin. Ban san hannunka ya iya abu mai laushi haka ba.

Na yi kuka da na kai wurin Inna, ba zan ɓoye maka ba. Ni na manta da maganar ƙofar nan. Abin da na riƙe shi ne Kawu ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata.

Ban jefa ta a kwata ba. Na sa ta a aljihun rigar aiki na riƙa zuwa da ita, ita da takardar barin aikin, kowacce da aljihunta. Ranar Talata da hantsi wani mai babbar riga ya zo da mata sun kai goma da kuloli, wai barka, alhali yarinyar da ta haihun ko awa uku ba ta yi da fitowa daga tiyata ba. Na ce ba lokacin dubiya ba ne. Ya tsaya a kaina bakinsa yana ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi. Na juya masa kunnen dama. Daga baya masu shara suka ce min wai cewa yake, "Kin san ko ni wane ne?" Ka ga ni har yau ban sani ba. Ya gaji ya koma benci ya jira ƙarfe huɗu kamar kowa.

Da ana sallamar yarinyar, ta tsaya a gabana ta sunkuyo daidai kunnen hagu ta ce, "Baba, na gode, baccin nan shi ne na farko da na yi a kwana uku." Yabon metiron kuwa ba na jiran sa. Har yanzu ina kewar wankan jarirai, kada ka ɗauka labarinka ya warkar da wannan. Kujerar ma tana da tauri, in Hajiya za ta dawo ka sa min ɗan matashi.

Na yafe maka. Amma daga yau in za ka tsokane ni a takarda, ka zana fuska a gefe yadda zan san dariya kake.

Ga 'yar maki biyar ɗinka na mayar maka. Na yanki bakin tsohuwar rigar aikina na ɗaura mata ɗankwali na gaske, dubi yadda ake yi. Wane irin shugaban runduna ne zai tafi gasa ya bar ƙofa a buɗe? Ka mayar da ita bakin aikinta, ka kuma rubuto min yadda aka kwashe.

Takarda ta yi min ƙaranci a gida, sai na yi amfani da wadda ke aljihuna. Juya bayan wannan ka gani. Wurin sa hannun yana nan fari, ka iya goge burushinka a kai.

Uwarɗakinka har abada, tunda ka amsa da bakinka,
Murjanatu